Bazazzagi, Ina Shinkafar?

Gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran talakawanmu da ke zaune bayan Kwanar Dangora.

Labari ya iso Kano cewa kamfanin da kake wa aiki ya tashi gina injin casar shinkafa, ya duba gabas ya duba yamma, bai ga wanda zai damƙa wa ragamar aikin ba sai kai. Na ce Allah sarki, masu kamfanin nan ba su da ko suruki a Kano da zai ba su shawara. Ban gama jimami ba sai ga hoton takardar shaidarka a waya, an sa ta cikin gilashi, ga hatimin cibiyar PMI ta Amurka, wadda tun 1969 take tsara ƙa'idojin tafiyar da ayyuka. Madalla, na taya ka murna. Dama Zage-zagi ba a raba ku da takarda. Tun da Sardauna ya ajiye muku jami'a a Samaru a 1962 kuka ɗauka duk abin da aka rubuta ya riga ya faru.

To, ina shinkafar?

Wata shida ka ce wa masu kuɗin. Ga shi damina ta biyu na shirin ɗaukewa. Waɗanda suka bi ta wajen sun ba ni labarin abin da ido ke gani: ƙofar ƙarfe ta sha koren fenti, allon suna ana hango shi daga titi, ɗakin maigadi har da tayil, ofishin manaja da kujera mai juyawa. Shinkafa kuwa ko ƙwayar da kaza za ta tsattsaga babu. Shi ya sa na ga dole in maimaita maka karatun, kyauta kuma a bainar jama'a, domin bawa in ya yi abin kunya ubangidansa ake zagi.

Casar shinkafa kullum safiya, a auna, a ɗinke buhu, a loda wa mota, wannan sana'a ce. Ba ta da ranar gamawa, ba a ma fatan ta samu. Gina injin da zai yi casar kuwa aiki ne mai ranar farawa da ranar rufewa, da kuɗi ƙayyadadde, da abu guda da za a nuna a ce ga shi nan. Duk karatun da ka biya dala ka yi a kan wannan bambancin ya tsaya. Kai kuwa ka karɓi aiki ka mayar da shi sana'a, ka zo da takwas ka tashi da huɗu, har na ji ka fara lissafin fansho a kansa.

Na kuma san inda gizo ya yi saƙar. Ranar da aka ba ka aikin, maganar ita ce inji mai casar tan kaza a rana, da tukunyar turara, da wurin busarwa, da sito ɗaya. Da a ranar ka zauna ka rubuta wannan a takarda guda, ka ja layi, ka rubuta a ƙasa abubuwan da ba sa cikin aikin, mai kamfani ya sa hannu, da yanzu tuwo muke ci. Jerin na ƙasan nan ya fi na sama amfani, shi ne kuma wanda kowa ke tsallakewa. Ba ka yi ba. Sai wani darakta ya je baje koli a Indiya, ya ga na'urar da ke tsince baƙar ƙwaya daga cikin fara, ya dawo ya ce a saka. Ka ce ba komai, ranka ya daɗe. Akanta ya ce tunda ana gini a ƙara sito na biyu. Ba komai. Ƙanen mai kamfani ya ce ai buntun da za a riƙa zubarwa ana iya ƙona shi a samu wutar lantarki, a gina wurin. Ba komai, yallaɓai, shawara ta yi. Kuma wallahi shawarwarin duk masu kyau ne, nan haɗarinsu yake, don muguwar shawara ko yaro zai ƙi ta. Sai dai na'urar tsince ƙwayar nan tana son kwamfaresa, tana son ɗaki mara ƙura, tana ƙara wa wuta nauyi, taransifomar da ka riga ka yi oda ta zama ƙarama. Kowace "ba komai" ta zo da 'ya'yanta da jikokinta, wa'adi da kasafi kuwa suna nan yadda aka rubuta su ranar farko.

Ban ce ka riƙa yi wa iyayen gidanka tsaurin ido ba, Bazazzagi ma ina ya ga idon. Abin da masana suka tanada mai sauƙi ne. Duk wanda ya zo da ƙari ka ce masa to, ka koma ka yi lissafi, ka kawo masa rabin shafi: wannan zai ci naira kaza, zai tura ranar buɗewa da mako kaza, zai taɓa wuta da rufi da ma'aikata, in an yarda a sa hannu a nan. Za ka sha mamakin yadda sha'awa ke yin sanyi in ta ga farashinta a rubuce. Wanda ya sa hannu kuma ya ɗauki nauyin makarar da kansa, ba zai zo bayan shekara yana tambayar ka me ya faru ba. Ɗan Kantin Kwari bai taɓa shiga aji an koya masa wannan ba, amma ka gama ciniki da shi sannan ka ce ya ƙara maka yadi ɗaya a kan kuɗin, ka ji amsar da zai ba ka.

Kada ka ce sharrin Kanawa ne. Jamusawa, waɗanda duniya ke sara wa a kan tsari, sun faɗa wannan rami da ƙafa biyu. A 2006 suka fara gina sabon filin jirgin sama na Berlin da niyyar buɗewa a 2011. Ana gini ana sauya zane, a faɗaɗa nan, a ƙara hawa can, a ƙara shaguna, ga shi babu babban ɗan kwangila guda da ya riƙe duka, an yanyanka aikin an raba wa kamfanoni barkatai. Aka sa ranar 3 ga Yuni 2012, aka yi shiri tsaf, saura 'yan makonni aka soke, saboda na'urorin kashe gobara da fitar da hayaƙi sun kasa cin gwaji. Filin bai karɓi fasinja ba sai 31 ga Oktoba 2020, kuɗin da aka ƙiyasta wajen Yuro biliyan 2 ya haura biliyan 6. A tsakanin shekarun nan har jirgin ƙasa ba kowa a ciki ake turawa ta tashar da ke ƙarƙashin ginin, don kawai iska ta motsa kada wurin ya yi fumfuna. Da na ji haka na ce a binciki asalin mutanen nan, ba mamaki kakansu daga Tudun Wada ya tashi.

Abubuwa ukun da ka haddace don jarrabawa ka mance a bakin ƙofa su ne girman aiki da lokaci da kuɗi, kuma igiya ɗaya ta ɗaure su. Ka ƙara girma, dole lokaci ko kuɗi ya ƙaru. Ka matse lokaci, kuɗi ya tashi. Ka rantse ba wanda zai motsa cikin ukun, to inganci ne zai biya a ɓoye, cikin siminti da rodin da ba mai gani sai ranar da daɓe ya tsage ƙarƙashin inji. Manaja na gari yakan tambayi mai kuɗi tun ranar farko wanne ne ba ya taɓuwa. A injin shinkafa amsar a fili take, lokaci ne. Shanshera tana da kakarta. In inji bai tashi sa'ad da manoma ke sayarwa da araha ba, sai ka sayi ta masu ɓoyo da tsada ko ka jira baɗi.

Sai kuma rawar ƙafar zuba harsashi. An ce tun kafin masu ƙera injin su aiko da zanen inda kowace ƙafarsa za ta zauna ka sa aka zuba kankare, don a ɗauki hoto a nuna wa daraktoci an fara. Da zanen ya iso, ramin na'urar ɗaga hatsi ya faɗo daidai inda ka kafa ginshiƙi. Kana da magabata a nan ma. Shahararren gidan wasannin nan na Sydney a Ostareliya, Jørn Utzon ɗan ƙasar Denmark ne ya ci gasar zanensa a 1957. Firimiyan jihar da Sydney take, Joseph Cahill, yana tsoron kada siyasa ta juya a yi watsi da shirin, sai ya matsa aka fara gini a Maris 1959, alhali ba wanda ya san yadda za a yi rufin ya tsaya. Da aka gano dabarar, sai ga shi ginshiƙan da aka riga aka kafa ba za su ɗauke shi ba, aka fasa aka sake. Utzon ya ɓata da gwamnati ya bar aikin a 1966, bai sake taka ƙasar ba har ya mutu. Shekara 4 da aka ce ta zama 14, dalar Ostareliya miliyan 7 ta zama miliyan 102, aka buɗe a 1973. Su dai sun tashi da ginin da duniya ke zuwa kallo. Kai wa zai biya kuɗin mota ya zo kallon ginshiƙinka? Gyara a takarda fensir yake ci, gyara a kankare sai guduma da leburori da mako uku.

Yanzu mu zo kan jadawalin nan mai launi-launi da ka manna a bango, ka tsaya gabansa aka ɗauke ka hoto sai ka ce kai ka ƙirƙiro shi. Henry Gantt ne, injiniya Ba'amurke, ya yaɗa shi wajen 1910 zuwa 1915: kowane aiki da sandarsa a kwance, tsawonta gwargwadon kwanakinsa. Yana da amfani, amma kafin a zana shi sai an fasa aikin gunduwa-gunduwa, har kowane gutsure ya zama abin da za a iya sa wa kwanaki da kuɗi da suna. Naka na ga layi guda an rubuta "wuta", wani layin "inji". Ai wannan sunayen damuwa ne kawai. Kuma ko an fasa shi daidai, jadawalin ba ya faɗa maka abin da ya fi komai muhimmanci sai ka tambaye shi, wato wane aiki ne ke jiran wane.

A 1957 kamfanin DuPont da na Remington Rand suka fito da hanyar lissafa wannan, aka yi amfani da ita wajen rage kwanakin da masana'anta ke yi a rufe in ana gyara. Ka jera ayyukan duka, ka ɗaure kowanne da wanda dole ya riga shi, sannan ka nemo sarƙar da ta fi kowace tsawo daga farko zuwa ƙarshe. Tsawon wannan sarƙa shi ne tsawon aikinka, ko ka so ko ka ƙi. Kwana ɗaya ya salwanta a kanta, ranar buɗewa ta matsa da kwana ɗaya. Ayyukan da ba sa kanta suna da sarari, a jinkirta su ba abin da zai faru.

Bari in yi maka naka, tunda lissafin Samaru ya gaza. A biya masu ƙera inji kafin alƙalami, sannan su ƙera, sannan a ɗoro shi a jirgin ruwa, sannan a fito da shi daga tasha a Legas, sannan tirela ta kawo shi, sannan injiniyoyinsu su zo su harhaɗa, sannan a ba shi wuta a gwada. Babu ɗaya da zai yiwu kafin wanda ke gabansa. Wannan ce sarƙarka, kuma zobenta na farko, biyan kuɗin nan, wata biyu ya yi a teburin akanta don ba wanda ya bi sawunsa, kai kana can kana zaɓen launin fentin ƙofa. Ƙofa tana da sararin shekara guda. Ko da asubar ranar buɗewa aka shafa mata fenti ba wanda zai yi asara sai wanda ya jingina da farar riga. Amma ƙofa ake gani daga titi, takardar banki kuwa ba ta kyau a hoto, Bazazzagi kuma in ba a gan shi yana aiki ba gani yake bai yi ba.

Gefen wannan akwai sarƙa ta biyu, ta wuta: neman izini, sayen taransifoma, kafa turaku, jiran a zo a duba a haɗa. Irinta ce ke kwana da sarari yau, gobe ka farka ta zama ita ce mafi tsawo. Don haka ba a yin lissafin sau ɗaya a rataye. Duk mako ake sake shi, a tsaye, cikin minti ashirin, kowa ya faɗi abin da ya gama da abin da ya tare masa hanya. Mitin ɗinku na ranar Litinin kuwa an ce daga hantsi har azahar ake yi, rabinsa gaishe-gaishe, rabinsa gyara Turancin rahoton makon jiya.

Da ka zo sa kwanaki kuma, wa ya ce ka rubuta mako biyu a gaban fito da kaya daga tashar jiragen ruwa? Ajan ne ya faɗa maka ka rubuta, sai ka ce ba a ƙasar nan aka yanke maka cibiya ba. Rundunar sojan ruwan Amurka, lokacin da take aikin makamin Polaris a 1958, ta san ƙiyasi ɗaya ba abin dogaro ba ne, sai aka ce kowane aiki a ba shi uku: in komai ya tafi daidai, yadda aka saba gani, da in abu ya ɓaci. A ninka na tsakiya sau 4, a haɗa da sauran biyun, a raba gida 6. Gwada da kwantenarka. Mako 2 in an yi sa'a, mako 4 bisa al'ada, mako 12 in takarda ɗaya ta sami tangarɗa. Ka haɗa 2 da 16 da 12, ya ba ka 30, ka raba 6, mako 5 ke nan. Ka ga ka ci bashin mako 3 tun jirgi bai taso ba, a layi ɗaya tak, ga sauran layukan suna kallon ka.

Da abin ya yi ƙamari sai ka yi abin da kowane manaja a ruɗe yake yi, ka roƙi a ƙaro maka mutane. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani ƙaton aikin manhajar kwamfuta a kamfanin IBM, ya fitar da littafi a 1975 yana jan kunne a kan haka, cewa cusa sababbin hannu cikin aikin da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Tsofaffin ma'aikata za su ajiye nasu su koya wa sababbi, ga kuma yawan bakin da dole su ji juna. Mutum 5, hanyoyin magana tsakaninsu 10 ne. Mutum 10, hanyoyi 45. Mutum 20, hanyoyi 190. In kuma ashirin ɗin Zage-zagi ne, kowa da digirinsa, sai a ninka. Ban da haka ma, leburori ɗari ba za su sa kankare ya yi ƙwari kafin lokacinsa ba, ba kuma za su tura jirgin ruwa ya yi sauri ba.

Abin da ya ɓace maka shi ne sanin wa ke riƙe da me. Kakanninmu sun gane wannan tun a labarin Bayajidda, inda aka raba wa 'ya'yan Bawo aiki: Kano da Rano baba da rini, Katsina da Daura kasuwa, Gobir yaƙi. Abin da ya faɗo wa Zazzau ba sai na faɗa a jarida ba, ka sani na sani. Kowane layi a jadawalinka yana son sunan mutum ɗaya a gabansa, mutum mai lambar waya wanda za a iya tasa daga barci. Na ji maganar taransifoma tana hannun kwamitin wuta mai mutum bakwai, wato ba ta hannun kowa. Kai kanka wa ke samanka? Dole a samu mutum guda cikin masu kamfanin da aikin nan yake nasa, wanda in akanta ya zauna a kan takarda zai ɗaga waya sau ɗaya ta tashi. In daraktoci biyar ke ba ka umarni, kowanne ta bayan ɗan'uwansa, to ɗan aike aka ɗauka aka ba shi kujera mai juyawa.

Ka kuma je ka gaida mai unguwa tun yanzu, ka zauna da maƙwabta. Ruwan turara yana wari, buntu yana tashi ya shiga gidajen mutane. Waɗanda ba su cikin jadawalinka suna iya tsayar da shi da takardar koke ɗaya.

Kasafin ma haka yake. Inji da dala ake sayensa, ka rubuta kuɗinsa da naira ka rufe littafi. Duk wanda ke kasuwanci a ƙasar nan ya ga abin da ya faru daga Yunin 2023, da aka saki naira ta nemi farashinta: dalar da ake samu a hukumance wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Ba wanda ya ce ka san gaibu. An dai ce ka tara mutanenka ku rubuta abin da ka iya faruwa, ku auna yiwuwarsa da girman ɓarnarsa, ku ba kowanne mai gadi, ku ware kuɗin ko-ta-kwana. "Allah ya kiyaye" addu'a ce mai kyau, ni ma ina yin ta safe da yamma, amma ba a rubuta ta a gurbin lamba. Naka kuɗin ko-ta-kwanan an ce shi ne ya rikiɗa ya zama tayil ɗin ɗakin maigadi.

Rahotonka na wata-wata kuwa, tun azumin bara aikin yake kashi 90 cikin 100. Ka yi hattara da irin wannan lamba, tana da tarihi a ƙasar nan. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka ƙulla da Tarayyar Sobiyet tun 1979, ana ta cewa ya kai kashi 98 tun 1994. Yaran da aka haifa a shekarar yanzu suna kai nasu yaran makaranta, kashi biyun nan ba su cika ba. Yawan kuɗin da aka kashe da yawan gumin da aka yi ba sa nuna inda aka kwana. A kafa alamomi a hanya waɗanda amsarsu e ce ko a'a. Inji ya iso fili? An haɗa wuta? Tukunya ta yi tururi? Buhun farko ya fito? Rahoton da babu mugun labari ko ɗaya a cikinsa kuma mai hankali ba ya ɓata lokacin karanta shi. Mai kuɗi zai jure jin an makara in ya ji da wuri, don yana da abin yi a kai. Abin da ba ya yafewa shi ne ya ji a bakin direbansa.

Na san dutsen da kake ɓoyewa a bayanka. Za ka ce ai namu ma ya makara. Haka ne, matatar man Aliko Dangote da aka yi shelarta a 2013 a kan wajen dala biliyan 9 ba a ƙaddamar da ita ba sai Mayun 2023, kuɗin ya kai kusan biliyan 20, fetur kuma sai Satumbar 2024 ya fara fita. Girmanta ma ya ƙaru a hanya, daga ganga 400,000 a rana zuwa 650,000, an kuma tashe ta daga inda aka fara nufa zuwa Lekki. Ciwon da na lissafa maka ya taɓa ta. Sai dai Bakano da ya ƙara girman aiki ya san ya ƙara, ya nemo kuɗin, ya tsaya a kai har mai ya fito. In tsawon zance kake so, zo mu yi maganar ruwan Zariya, aikin da gwamnoni suka yi ta miƙa wa juna. A tarihin Zazzau kaf mutum ɗaya aka sani da fara gini ya gama, Sarauniya Amina, wadda aka ce duk inda ta yada zango sai ta bar ganuwa. Tun daga kanta mazan garin suka ce wannan aikin mata ne.

Don kada ka ƙi cin tuwon dare, ga ɗan sanyi. Bent Flyvbjerg, shehin malamin da ya koyar a jami'ar Oxford, ya tara bayanan ayyuka sama da 16,000 daga ƙasashe daban-daban, ya tarar kashi 8.5 cikin 100 ne kawai suka ƙare a kan lokaci kuma a kan kasafi. Waɗanda suka haɗa da kawo amfanin da aka yi alkawari kuwa kashi 0.5 ne. Ashe duniya cike take da Zage-zagi, ba su dai san danginsu ba.

Wannan maganar amfanin ita ce ta fi damuna da kai, wasa a gefe. Dogon benen Empire State na New York, hawa 102, cikin kwana 410 aka gama shi, aka buɗe ranar 1 ga Mayu 1931, a ƙasa da kuɗin da aka ware. Masu kuɗin da masu zane da 'yan kwangila tare suka zauna tun farko, suka zaɓi kayan da za a iya ƙerawa da yawa iri ɗaya, ƙarfe na isowa da lambarsa a ɗaga shi kai tsaye inda zai zauna. Har yau ana koyar da shi a makarantu. Amma a tsakiyar karayar tattalin arziki aka buɗe shi, yawancin ofisoshin ba masu haya, sai da aka yi wajen shekara 20 kafin ya fara kawo riba. Magina sun ci nasara, masu kuɗi suka sha jira.

To kai, ranar da injinka ya tashi, me zai ci? Da wa ka yi magana cikin manoma da dillalai? Ina kuɗin sayen shanshera na watannin farko, ko duk an zuba a bulo? Wa zai riƙe injin bayan injiniyoyin sun koma ƙasarsu, ka tura yara su tsaya kusa da su lokacin harhaɗawa? Bel da rariya da sauran kayan gyara fa, sai sun lalace za a yi oda? Ka riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har a gwada komai a ga yana aiki, ko ka biya shi duka don ya kira ka injiniya? Duk waɗannan cikin aikin suke, kafin a yanka ƙyalle a tafa. Ka kuma san inda shansherar take: Kura, Bunkure, Garun Malam, ƙasar da ruwan Tiga ke shayarwa tun da aka gama dam ɗin a 1974, zamanin Audu Bako. Ko ka gama ko ba ka gama ba, hula a hannu za ka shigo Kano.

In za ka taho, ka ciro jadawalin nan daga bango ka naɗo shi, ka zo da fensir da sunayen mutum bakwai na kwamitin wuta. Mu zauna bayan la'asar in nuna maka sarƙarka zobe-zobe, ba zan caje ka ko kwabo ba. Kuɗin sharar bara da na bana ne dai ba na yafewa, kuma ba na karɓar rake a madadinsu.